Ranar Yayen Ghali

"…gajiya kam ta bi lafiya, sai dai gwiwar nan da ba ta jin magani. Ina Lailatu? To madalla. Ni ina mijin nawa ne? Ko ya ji tsayuwar kilando ya shige ƙarƙashin gado don kada in tambaye shi cefane?"

Inna ce, mahaifiyata, take amsa gaisuwata tana cire takalmi a bakin tabarma. Tun daga unguwar Lamaji ɗan kilando ya ɗauko ta a babur, ya ratso da ita ta cikin taɓon unguwar Butalbagar na damina, har gefen lafayarta ya yi dabbare-dabbare da laka. Ranar Juma'a ce da hantsi, kuma kowa a gidan ya san abin da ya kawo ta. Ƙaramin ɗanmu Ghali ya kusa cika shekara biyu, lokacin yaye ya yi, ta zo ta tafi da shi wajenta kamar yadda aka saba.

Abin da babu wanda ya sani shi ne ranar da za ta dawo da shi. Lokacin yayen wansa Zulkiflu ina Rabat ina karatu, aka aiko mini cewa Inna ta ɗauke shi na kwana biyu. Da na dawo na tarar da shi a Lamaji da shekara huɗu yana kora mata kaji. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ruga ciki ya ce mata an yi baƙo. Ni dai ba zan iya duban idon mahaifiyata in ce ta sa mini rana ba. Lailatu kuwa ko kusa, don uwa ba ta nuna zaƙuwa a kan ɗanta a gaban uwar mijinta. Ta fito ta durƙusa ta gaishe ta, ta ajiye ruwa, ta koma madafa tana sake wanke tukwanen da ta wanke tun jiya.

Mutum ɗaya ne a gidan ke da damar gaya wa Inna duk abin da ya zo bakinsa. Sai ga shi ya fito daga ɗaki, shekararsa takwas, ya goyo ƙanensa da tawul, yana tafe yana tangaɗi saboda nauyi.

"Wa nake ji kamar muryar Indo?" in ji Zulkiflu. Sunan Inna ke nan, kuma jikokinta kaɗai ke faɗinsa a gabanta su kwana lafiya.

"Ga shi nan, mugun miji! Ƙafa kamar sillen kara, kai kamar tulu. Haka ake tarbar mata? Ba sannu, ba shayi?"

"Ai na ɗauka ba ki da rai. Da aka ce kin tare a Lamaji kusa da maƙabarta na ce madalla, tsohuwa ta yi hankali, ta rage wa masu ɗaukarta tafiya."

"La'ilaha! Salmanu, kana jin abin da ka haifa?" Ta juyo ta dube ni, na sunkuyar da kai ina hura gawayin shayi. "To bari ka ji, ɗan nema, sai na ga furfurarka da idona."

"Ni dai ki yi sauri, na daɗe ban ci gumba ba. Na riga na gaya wa Umma in kin tafi a cika sukari."

"Da waɗanne haƙoran za ka ci? Matso, buɗe bakin in gani. Kai! Ƙofa biyu a buɗe, ba ƙyaure! Yanzu ni da kai wa ya fi wani tsufa?"

"Nawa za su fito. Naki fa?"

Inna ta tuntsire da dariya har ta dafe gwiwar mai ciwo. Ta jawo buhun da ta zo da shi ta fara fito da kaya tana jerawa a kan tabarma: kuɓewa ɗanya daga lambunta, gyaɗa sabuwar tona, ƙwan zabi a cikin kwano an shimfiɗa masa dusa, da ƙullin fangasu, irin fanken nan namu, wanda mansa ya jiƙa takarda.

"Ku zo ku ga auren wahala," in ji ta. "Mata ce ke noma, mata ce ke cefane, mata ce ke biyan ɗan kilando. Miji yana zaune yana ƙirga ranar mutuwarta. Tun da aka ɗaura auren nan ko ɗankwali ka taɓa saya mini?"

"Na saya miki alewa da sallah."

"Wadda ka tsotse rabi ka mayar cikin leda?"

"Ɗanɗanawa na yi, don kada a ba ki mai guba."

"Allah ya isa tsakanina da wanda ya haɗa ni da kai. Ni na gaji ma. Ga angona can a bayanka, sabo fil, kumatu kamar fanke, ba ya zagi, ba ya roƙon gumba. Kwance mini shi in gan shi."

Zulkiflu bai kwance ba. Ya ja da baya taku ɗaya, ya ƙara ɗaure bakin tawul a ƙirjinsa.

"Ina za ki kai shi?"

"Gidana mana. Ya girma, an gama shan nono. Ga rubutun yaye na karɓo masa wajen Malam Halliru, ga garin kunu na niƙa masa da gyaɗa. In ya ga uwarsa ba ta kusa zai haƙura. Haka aka yi wa ubanka, haka aka yi maka."

"Kin tambaye ni?"

"In tambaye ka me?"

"Izini."

"Izinin me, ɗan ƙwal uba?"

"Ba ke kike cewa ni ne maigida ba? A gaban kowa kike faɗa, har a gidan biki. To a Islamiyya an gaya mana mace ba ta kai baƙo gida sai maigida ya yarda. Ban yarda ba."

Na ɗago kai na dube su. Wasan kaka da jika yana da ƙa'idarsa, ko da yake ban taɓa jin wani ya zauna ya koya wa yaro ita ba. Wanda ya fara yin fushi ya faɗi. Wanda kuma aka ƙure ya ce ai da ma wasa yake yi, ya fi shi faɗuwa. Shekara takwas Inna tana kiran yaron nan maigida, yau ya karɓi sarautar, kuma ba ta da ƙofar da za ta bi ta ƙwace sai ta cikin wasan.

Ta gyara zama, ta tattare hannun lafaya.

"To na ji. Sake ni. Yanzun nan, ga ubanka shaida."

"Ba zan sake ki ba."

"Don me?"

"Wa zai kwashe ki? Tausayinki nake ji."

"Ni? Ka je unguwar Ambasatna ka tambaya. Da ina budurwa, in na fito ɗiban ruwa sai masu shaguna su manta da ciniki."

"Ai duk sun mutu."

"Allah ya jiƙansu, sun fi ka kyauta." Ta ɗauki ƙullin fangasu ta buɗe, ta kaɗa masa ƙamshin. "Zo mu shirya, maigida ran gida. Ga wannan, duka naka, ko ubanka ba za mu sam masa ba. Ka ba ni izini."

Na ga maƙogwaron yaron ya motsa. Ya kau da kai ya dubi bango.

"Na ƙoshi."

"Kai ɗin? Wanda ke suɗe tukunya har sai ya ga fuskarsa a ciki? To na ƙara maka da zakara. Jan nan mai rawani."

"Zakaran ai nawa ne. Ni na yi kiwon kakarsa."

"Ji ɓarawo! Yaushe ka sayi kaza?"

"Ni nake ba su ruwa, ke kina barci."

"To naka ne, na bar maka. Haba maigida, mene ne na tayar da jijiyar wuya? Kwana biyu kawai zai yi mini."

"Kwana biyun wa?"

"Kwana biyu dai da ka sani."

"Irin naku?" Ya gyara goyon, ya matso. "Ba ke kika ba ni labari ba? Kika ce babanki ya taso daga Haɗeja da ƙafa zai tafi Makka, da ya iso bakin kogin nan ya ce bari ya huta kwana biyu. Ya ƙarasa?"

"Kai! Fita daga harkar ubana!"

"Ya yi aure, ya haife ki, kin haifi Abba, Abba ya haife ni. Har yau muna hutawa."

Dariya ta ƙwace mini, na mayar da ita tari. Inna ta nuna ni da yatsa ba tare da ta dube ni ba.

"Ubana ya yi niyya, kuma Allah ya ga niyyarsa. Rani ne ya yi tsanani, jakinsa kuma ya mutu."

"Ni jakin wa ya mutu? Ni ma kwana biyu aka ce."

Ƙarar tukwane ta tsaya a madafa. Ghali ya leƙo ta kafaɗar wansa yana kallon kakarsa, ya ga babu abin da ya shafe shi, ya mayar da kai ya kwanta.

"Me ka rasa a wajena?" in ji Inna. Muryarta ta ɗan sauka. "Na bar ka da yunwa? Na taɓa dukanka?"

"Kin taɓa. Ranar da na saki akuyar maƙwabciyarki Murja."

"Wannan ai akuyar ma ta so ta dake ka. Ban da shi?"

"Ban rasa komai ba." Ya murza yatsan ƙafarsa a ƙasa. "Amma da Abba ya zo na ce baƙo ne. Har yau yaran gidan Kawu Inusa in sun gan ni sai su ce ga mai baƙo. To in Ghali ya dawo ya ce mini baƙo fa?"

Na zuba shayi a ƙaramin kofi na miƙa wa Inna, ta karɓa ta riƙe ba ta kurɓa ba.

"Kai ba ka san Lamaji da magariba ba ne yanzu," in ji ta can. "Maƙwabta kowa ya ja ƙofarsa. Daga ni sai kaji. Na yi musu magana, su dube ni da ido ɗaya su hau bishiya. Ko zagin ma babu mai yi mini."

"To ki dawo nan, in riƙa zaginki kullum."

"In bar wa wa lambun? Kuma in kwana a ina? A shimfiɗarka, in tashi da asuba ina iyo?"

"Na daina! Tun bara na daina! Abba, ban daina ba?"

"Ya daina, Inna," na ce.

"Kai kuma wa ya sa da kai? Hura wutarka." Ta kurɓi shayin, ta ajiye, idonta ya dawo da ƙyallinsa. "Kai maigida, saurara. 'Ya'ya bakwai na yaye, jikoki ban san iyaka ba. Babu yaron da ya taɓa gagarata. Kai da kanka kukanka dare ɗaya ne, na dama maka kunu ka manta da uwarka."

"Ghali ba irina ba ne. Ta yaya za ki sa shi barci?"

"In goya shi."

"Ba ya yi."

"In yi masa waƙa."

"Da wannan muryar? Sai dai ya firgita."

"In ba shi rubutu ya sha, in tofa masa addu'a, in jijjiga shi."

"Ba ya yi. Ko Umma in ta ba shi nono ya ƙoshi, sai an kawo shi wajena."

"Kai wane ne? Boka?"

"Duba ki gani."

Ya juya mata baya. Ghali ya fara lumshe ido, kuma hannunsa na dama yana can ya kama kunnen wansa, yana murza fatar a hankali tsakanin yatsu biyu. Mu mun saba gani har mun daina lura. Kunnen Zulkiflu na dama kullum ja yake da safe.

"Kunne?" in ji Inna. "Don kunne ake wannan shari'ar? Ni ba ni da shi ne? Har biyu, kuma sun fi naka tsabta. Kawo shi nan."

Ta cire ɗan kunnenta na dama ta ajiye a kan tabarma, ta ture ɗankwali. Wannan karon Zulkiflu bai yi gardama ba, ya kwance tawul ya sauke mata yaron a cinya. Ta rungume shi, ta kama hannunsa ta ɗora a kunnenta. Ghali ya murza sau ɗaya. Ya buɗe ido, ya jawo kunnen ya leƙa shi da kyau kamar mai duba tumatir a kasuwa, ya sake shi, ya taɓe baki, ya miƙa hannu biyu wajen wansa.

"Ya yi yaushi," in ji Zulkiflu. "Ya kwana biyu."

"Ungo naka, maras kunya, jinin marasa kunya! Angon ma ashe munafuki ne." Ta miƙa masa yaron, ta juyo wajena. "Salmanu, miƙo mini wuƙa."

"Wuƙar me, Inna?"

"In yanke kunnen in ƙulle a bakin lafaya. Ɗaya ya ishe shi, da ma ba ya jin magana da su."

Zulkiflu ya dafe kunnen da tafin hannu.

"Ba ya aiki in an cire. Sai da mai shi."

"Me ka ce?"

"Na ce sai da mai shi. In kina son izini, ki tafi da mu tare. Ai muna hutun makaranta."

Inna ta tafa hannu, ta yi guɗa ƙasa-ƙasa.

"Kalas, magana ta ƙare! Na zo ɗaukar ɗaya na samu biyu. Wawan miji, ka sayar da kanka da arha. Ga mai ban-ruwa, ga mai tsinkar kuɓewa, ga mai korar awaki. Tashi mu tafi kafin ka farga."

"Tsaya tukuna, ban gama ba. Abba, in an koma lekol za ka zo ka ɗauke ni, ko?"

Duk su biyun suka zuba mini ido. Wannan tambaya ce da zan iya amsawa a gaban mahaifiyata ba tare da na yi rashin kunya ba, don ita da kanta take cewa duk wanda ya hana jikanta karatu ba ta yafe ba.

"Dole ne," na ce. "Ranar da aka koma kana aji."

"To kin ji. Ni zan dawo, kunnena zai dawo. Ghali kuma ba ya barci sai da shi. Sai ki zaɓa, ko ki sallame mu tare, ko ki kwana zaune har sallar layya."

Inna ta dube shi, ta dubi yaron da ya riga ya sake kama kunnen ya yi lamo, ta dube ni.

"Kafin lokacin ya saba da nawa," in ji ta, amma ba da ƙarfi ba.

"Kin ga dai yadda ya yi da shi."

"Zan shafa masa man shanu ya yi taushi."

"Taushin ne ya yi yawa."

A nan ta faɗi. Ta kwashe da dariya har ta kifa goshi a kan gwiwa, kafaɗunta suna rawa, tana cewa, "Wayyo ni Indo, an ɗaure ni da lafayata!" Da ta ɗago sai da ta share ido da bakin mayafi.

"Na ji, na yarda."

"Ki faɗa da bakinki. Tare muka tafi, tare za mu dawo."

"Tare kuka tafi, tare za ku dawo, in Allah ya kai mu. Ranar da aka buɗe lekol ku tattara ku ba ni wuri, da kai da kunnenka da angon banza. Ka ba ni izinin ko sai na durƙusa?"

"Na ba ki. Amma duk hutu za mu zo, kada ki ce mun gudu."

"Wa ya gayyace ku?" Ta kwance ƙullin da ke gefen lafayarta, ta fito da dabino mai laushi, irin wanda take ɓoye wa kanta, ta cika masa hannu. "Ungo, maigida. Allah ya shirya mini kai. Maza je ka haɗo tsummokaranka kafin a yi kiran sallah."

Kafin ya motsa Lailatu ta fito daga ɗaki da jakar Ghali. Ta durƙusa ta ajiye a gaban Inna, idonta a ƙasa, ta tashi ta koma madafa. Zulkiflu yana tsaye yana cin dabino da gefen baki.

"Ba ka ji ba ne? Na ce ka haɗo kayanka."

"Suna ciki."

"Cikin me?"

Ya nuna jakar da haɓa. Inna ta zuge ta, ta ɗaga 'yan rigunan Ghali da tawul da kwalbar man shafawa. A ƙarƙashinsu ga kayan Zulkiflu, riga kan riga, wando kan wando, an goge su sumul an ninke kowanne kamar daga shago, har da jallabiyarsa ta Juma'a da soson wankansa a leda.

"Wa ya yi maka wannan ninkin?"

"Ni."

"Kai? Kai da hularka tana kanka kake kuka an sace ta?"

"Na koya."

Inna ta shafa karin gugar da ke hannun jallabiyar da yatsa, tun daga kafaɗa har ƙasa. Ta daɗe tana kallon ƙofar madafa, bakinta yana motsi kamar mai danne wata dariyar. Sannan ta mayar da kayan yadda suke, ɗaya bayan ɗaya, ta zuge jakar.

"Lailatu!"

"Na'am, Inna." Muryar ta fito can ƙasa, da ƙyar muka ji.

"Gugar nan ta yi kyau. Allah ya yi miki albarka."